Layukan da Na Goge

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta wa mutane allon shago, kuma duk wanda ya san aikin nan zai gaya maka ba fenti ne ƙarshensa ba, tsumma ne. Kafin ka tsoma buroshi sai ka ja layuka da alli: na sama, na ƙasa, na tsakiya, da ƙananan da za su tsare kowane harafi kada ya jingina da ɗan'uwansa. Idan fenti ya bushe sai ka jiƙa tsumma ka goge allin tas, harufan su tsaya su kaɗai. Wanda ya koya mini aiki ya taɓa sa ni na sake hawa tsani a gaban wani kantin magani, da rana tsaka, saboda ɗigon alli guda da na bari a gindin harafi. Tun daga ranar hannuna bai iya ganin layin awo ya ƙyale shi ba. Na fara da wannan ne don a san inda kuskurena ya samo asali, ba don in wanke kaina ba.

'Yata ta ƙarshe shekararta goma sha shida. Sufeto muke ce mata a gida. Yayarta ce ta laƙa mata sunan tun kafin ta yi aure ta bar mu, don yarinyar idan ta shigo ɗaki sai ta tsaya a bakin ƙofa ta bi komai da ido, kamar an turo ta bincike. In ka matsar da gwangwanin fenti ko da faɗin yatsa ne, za ta je ta mayar da shi inda yake, ba tare da ta ce maka uffan ba. Tana da shekara huɗu likita ya ce otizim ne. Mutanen layinmu suna da nasu sunan da suke kiran abin da shi, ba zan maimaita shi a nan ba. Akwai wanda ya faɗa a gabana sau ɗaya, har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi.

Maganarta ba ta da yawa. Kalma biyu, uku, wani lokacin yini guda babu ko ɗaya. Ba ta son a taɓa ta, ba ta kallon mutum a ido, kuma ƙarar injin mai walda da ke maƙwabtaka da mu tana iya sa ta faɗi ƙasa tana dukan kunnuwanta, sai da muka samo mata abin toshe kunne. Shagona ɗakin gaban gidanmu ne, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida. A kusurwar da ke kusa da taga akwai wani gajeren benci, nan ne wurinta tun tana rarrafe. Daga makaranta nan take zarcewa, ta zauna har a rufe shago.

Zan faɗi abin da ban taɓa gaya wa ko uwarta ba. Na daɗe ina ganin a wurin yarinyar nan ban fi tsanin da ke jingine a bango ba. Tsanin ma in an matsar da shi tana lura. Ni kuwa in shiga, in fita, in yi tari, in yi mata magana, idonta na kan taga. Ina sonta so mai ciwo, kuma na haƙura a kan cewa son nan hanya ɗaya yake bi.

Uwarta ce ta ji labarin Malama. Wata mace ce 'yar siririya mai gilashi, da can zanen gine-gine take yi, ta bari ta buɗe aji a saman wani shagon littattafai, tana koya wa matasa irin Sufeto zane a kwamfutar hannu duk ranar Asabar. Kwamfutocin aro ne, kowane yaro ana ba shi guda ya tafi da ita gida muddin yana zuwa aji. Da aka ce mini zane a gilashin kwamfuta, dariya na yi.

"Zanen da ba ya wari, ba ya ɓata riga, ba a jira ya bushe," na ce wa uwarta, "wannan ai wasa ne."

"To a bar ta ta yi wasan," ta ce. "Kai da kake warin fenti da tinar wanke buroshi shekara talatin, me ka zana mana ban da 'Ana Gyaran Waya a Nan'?"

Na koma kan aikina, don ita mace ce da ba a ja da ita kafin karin kumallo.

Abin da ban sani ba shi ne, fentin ne da kansa ya hana Sufeto zane duk shekarun nan. Na sha miƙa mata buroshi ta janye hannu, na ɗauka ba ta da sha'awa. Ashe danƙon fenti a yatsa ne ba ta iya jurewa, da warinsa, da ƙarar fensir a kan takarda. Gilashi kuwa santsi ne da shi, ba ya ƙara, kuma in layi ya kauce sai ta taɓa wuri ɗaya ya koma. A mako na biyu ta zana gwangwanin jan fenti har da loɓawar da ke gefensa da inda fentin ya zubo ya bushe. Na duba gwangwanin, na duba zanen, na ji kunya ta kama ni.

Cikin wata biyar gidanmu ya canza. Faɗuwa ƙasa ta ragu. Idan mai walda ya kunna injinsa, sai ta sa abin kunnenta ta duƙufa a kan zane. Ta fara juya mana kwamfutar mu ga abin da ta yi, daƙiƙa biyu, ta janye. Wata rana ta zana takalminta da ɗan dutse a ciki ta nuna wa uwarta, aka duba, sai ga ƙusa ta ɓullo ta ciki, wa ya san kwana nawa tana takawa a haka. Uwarta ta shiga ɗaki ta yi kuka. Shekara goma sha shida muna ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga wata 'yar taga ta buɗe ta inda ba mu zata ba, kuma duk mun san ba mu da wata sai ita.

Malama takan tara iyaye sau ɗaya a wata ta nuna mana yadda abin yake aiki. Ita ta koya mana maganar shimfiɗa. Ta ce mu ɗauka gilasai ne aka jera ɗaya kan ɗaya, kowanne da abin da aka zana a kansa. Kana iya ɓoye guda, ko ka jefar da shi, sauran su zauna lafiya. Na gane wannan nan take, har na ji daɗin kaina, don na riga sauran iyayen ganewa. Ta kuma ce mana, tana ɗaga yatsa:

"Don Allah kada ku gyara musu. Ko kun ga abin ya karkace, ku bar shi."

Na gyaɗa kai tare da kowa. A raina kuwa na ce da direbobi da masu kanti take magana, ba da wanda zane ne sana'arsa ba.

Sai aka zo maganar baje koli. Malama ta ce kowane ɗalibi ya zaɓi zane ɗaya, za a buga shi babba a rataye a ɗakin karatu na unguwa, iyaye da maƙwabta su zo su gani. Aka tambayi Sufeto, ta buɗe wani zane da ta yi kusan wata biyu tana komawa kansa kullum, ta ce, "Wannan." Uwarta ta ce a rayuwarta ba ta taɓa jin ta zaɓi abu da sauri haka ba.

Shagona ne, an zana shi daga sama, kamar an yaye rufin an leƙa. Teburin aiki, tsani, kantocin fenti, gwangwani arba'in da uku kowanne a wurinsa, butar wanke buroshi, tsagewar da ke siminti kusa da ƙofa, bencinta a kusurwa. Ni da na yi shekara talatin a ɗakin ban san shi haka ba. Babu mutum ko ɗaya a ciki, wannan kuma bai ba ni mamaki ba. Amma a kan wannan kyakkyawan aiki akwai wasu siraran layuka birjik, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa da ruwan toka, sun cakuɗe, sun hau kan juna, sun ratsa tebur sun ratsa ƙasa. Kusa da bencin ma har wani dunƙule shuɗi suka yi, mai kauri, kamar inda alƙalami ya yi ɗigo. Kallo ɗaya na yi musu na ce layukan awo ne. Yarinya ta auna ɗaki, ta gama aiki, ba ta san ana gogewa ba, don babu wanda ya koya mata. Wa kuma zai koya mata in ba ni ba?

Ranar Alhamis Malama ta turo saƙo cewa a aika zanen kafin la'asar. Da hantsi uwar Sufeto ta tafi da ita wurin likitan haƙori, kwamfutar tana kan kantar fenti tana caji. Na wanke hannu da sabulu har sau biyu. Na buɗe zanen, na nemo shimfiɗar da layukan suke, kamar yadda aka koya mana. Na ɓoye ta, sai shagon ya fito fes, har na ja numfashi don kyau. Na danna alamar kwandon shara. Na'urar ta tambaye ni ko na tabbata. Ni, a tambaye ni ko na tabbata a kan layin awo! Na danna e, na aika wa Malama, na rufe, na mayar da ita kan caji daidai yadda na same ta. Wallahi da farin ciki na koma kan aikina. Gani nake karon farko ke nan da hannuna da nata suka haɗu a kan aiki ɗaya.

Da suka dawo ta tsaya a ƙofa ta yi bincikenta, ta ɗauki kwamfutar ta zauna. Ina ta gefen ido ina jira. Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Ta ja yatsa sama, ta ja ƙasa, ta buɗe jerin shimfiɗu ta rufe, ta sake buɗewa. Na shirya wa ihu, na shirya wa faɗuwa, don na san su. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tashi ta je kantar ƙasa, inda nake tara gwangwanayen da fentinsu ya ƙare, ta kife kwamfutar a can, ta ɗora alƙalamin da take zane da shi a kai. Ta koma benci ta sa hannuwa a tsakanin gwiwoyi ta fara 'yar rausayar da ta daina tun watanni.

"Sufeto," na ce, "kin ga yadda ya yi kyau? Haka ake gama aiki."

Taga take kallo.

Asabar ta zo, Sufeto ta ƙi sa takalmi. Uwarta ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɗauko kwamfutar ta ajiye mata a cinya, yarinyar ta tashi ta mayar da ita cikin gwangwanayen banza. Da mai walda ya kunna inji ran Litinin, ta faɗi ƙasa kamar da, har goshinta ya kumbura. Ni kuwa na ɓoye abin da na yi. Kwana uku ina ce wa kaina haƙorin ne yake damunta. A na huɗu uwarta ta tsare ni a bakin famfo ina wanke buroshi.

"Baban Sufeto, ka taɓa mata abin nan?"

"Gyara kawai na yi mata."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Gyara. An ce kada a gyara, kana zaune a layin gaba kana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Wane irin gyara?"

"Layukan awo na cire. Kowane mai zane..."

"Ita ta ce maka na awo ne?"

"Ba sai an gaya mini ba. Aikina ne."

"Aikinka ne," ta ce a hankali. "To ga aikinka can a kan benci, je ka duba."

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba faɗuwar ba ce. Wata safiya da gangan na ɗauki gwangwanin koren fenti na ajiye shi a tsakiyar hanya, a inda ba ya taɓa zama. Ta shigo, ta kewaye shi, ta wuce benci. Yini guda gwangwanin yana nan. Da yamma ni da kaina na mayar da shi.

Na ba ta haƙuri, kada a ce ban bayar ba. Na durƙusa nesa kaɗan da ita na ce, "Ki yi haƙuri, Baba ya yi kuskure." Amma ban san kuskuren me nake ba da haƙuri a kai ba, ita ma ina jin ta san ban sani ba.

Da Asabar ta biyu ta wuce babu ita a aji, Malama ta zo da kanta. Ta gaishe ni, ta gaida Sufeto daga nesa ba ta jira amsa ba, ta zauna a kan kujerar da nake ba masu kawo aiki.

"Da na ga zanen ya zo babu layukan," ta ce, "na ɗauka ita ta cire, na yi mamaki. Baba, kai ne?"

Na ce ni ne. Na fara yi mata bayanin alli da tsumma, ina ji bayanin yana ƙanƙancewa a bakina. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta nemi izinin Sufeto kafin ta taɓa kwamfutar. Yarinyar ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Malama ta ɗauko, ta duba, ta girgiza kai.

"Da ba a rufe zanen ba bayan an goge su, da an dawo da su. Yanzu sun tafi. Amma na'urar tana ajiye ɗan bidiyo na yadda aka yi kowane zane, tun daga layin farko. Matso ka gani."

Na matsa. Farin fili ne, sai bango ya fito, sai tebur, sai gwangwanaye suna tsirowa ɗaya bayan ɗaya da sauri. Shago ya kammala. Sannan wani jan layi ya shigo ta ƙofar cikin gida, ya miƙe zuwa tebur, ya juya ya koma.

"Na taɓa nuna mata wannan na tambaye ta," in ji Malama. "Ta ce, 'Umma.'"

Sai na gane. Hanyar da uwarta take bi ke nan in ta kawo mini abinci, har da 'yar kaucewar da take yi wa tsagewar siminti. Layi mai ruwan ɗorawa ya shigo ta taga, ya bi saman kantar fenti, ya nannaɗe a kan buhun tsumma: magen maƙwabta ce. Masu ruwan toka suna shigowa daga titi su tsaya a bakin tebur su fita, wasu su ɗan zaga tukuna, masu kawo aiki ke nan. Ba a rana ɗaya aka yi su ba. Kullum in mutum ya motsa sai ta bi shi da alƙalami, wata biyu cur.

"Shuɗin fa?" na tambaya, ko da yake na riga na sani.

"Kai ne, Baba. Na zaci ka sani, shi ya sa ban taɓa faɗa ba."

Shuɗin ya fi kowanne yawa. Daga tebur zuwa kanta, daga kanta zuwa tsani, daga tsani zuwa famfo, ya koma, ya sake komawa, har ya rufe rabin ɗakin. Yarinyar da na ce ba ta ganina, babu taku ɗaya da na yi a ɗakin nan da ba ta rubuta ba. Ba ta zana fuska, don fuska wahala take ba ta. Inda muka bi take zanawa. Ni kuma na zo da tsummana na share mu duka, na bar mata ɗaki da gwangwanaye, na ce mata haka ake gama aiki. A ƙarshen bidiyon layukan suka ɓace lokaci guda, wannan ma na'urar ta ajiye. Na tashi na fita bakin titi na tsaya, don ban so in yi kuka a gaban baƙuwa.

Da na dawo na ce ko za a iya kwafo su daga bidiyon. Malama ta ce za a iya ɗaukar hoto, dishi-dishi, amma ba ta jin hoton ne abin da yarinyar ta rasa.

"Ta nuna muku abu, aka share. Ina jin shi ke nan abin da ta fahimta." Ta gyara gilashinta. "Kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai yara bakwai da ke jiran kwamfuta. Ƙa'ida ita ce in ɗalibi ya yi Asabar huɗu bai zo ba, a ba wani. Zan ja ƙafa iya yina, amma ba ni kaɗai ke yanke hukunci ba."

Saura Asabar biyu ke nan.

Na yi kwana uku ina tunani, ina ɓata aikin mutane. Na rubuta wa wani mai aski allo na manta harafi guda, abin da ban yi ba tun ina koyo. Magana na riga na gwada, ba ta isa wurinta ba. Na yi tunanin in ɗauki kwamfutar in mayar da layukan da hannuna, sai na ji kamar ɓarawo ne zai sake shiga gidan da ya yi sata wai don ya share musu tsakar gida. Abin da ya rage mini shi ne abin da na iya.

Ranar Laraba da ta dawo daga makaranta, na janyo ƙofar titi na rufe, na kawar da allunan da ke ƙasa, na share siminti. Na ɗauko alli shuɗi, na durƙusa. Na fara daga ƙofar cikin gida na ja layi zuwa tebur. Daga tebur zuwa kanta. Daga kanta zuwa tsani. Gwiwoyina suna ƙara, bayana yana ciwo. Kuma da yake hali ba ya barin mutum, da doguwar rula nake ja, kowane layi a miƙe sambal, kowace kwana a daidaice, sai ka ce taswirar bututun ruwa. Uwarta ta leƙo ta ƙofa, ta buɗe baki, ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta koma ba ta ce komai ba. Wannan ma abin tarihi ne.

Na kai layin famfo, na dawo da shi tebur, na ajiye alli. Na zauna a ƙasa ina haki. Ban kalle ta ba, don na san kallo nauyi yake yi mata.

Rausayar ta tsaya. Na ji bencin ya yi ƙara. Ƙafafunta suka zo suka tsaya a kan layina, ta bi shi a hankali daga ƙofa zuwa tebur, zuwa kanta, zuwa famfo. A hanyar dawowa daga famfo ta tsaya.

"Ba haka ba," ta ce.

Kwana goma sha uku rabon da in ji muryarta da wata magana. Na tura mata allin a ƙasa ya gangara. Ta dube shi. Na san ƙurar alli tana cikin abubuwan da ba ta so. Ta ja hannun rigarta ya rufe yatsunta, ta ɗauke shi da rigar. Ta durƙusa, ta murje layina miƙaƙƙe da takalmi, ta ja nata. Nata bai tafi tebur ba. Ya lanƙwasa, ya nufi kusurwar taga, ya tsaya taku ɗaya kafin bencinta. A nan ta fara juya allin a wuri ɗaya, tana zagayawa, tana ƙirgawa.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Har tara. Ya zama dunƙule shuɗi mai kauri, irin wanda na gani a zanen na ce ɗigon alƙalami ne, wanda ya fi ba ni haushi a cikin duka. Sannan ta fitar da layin daga dunƙulen ta kai shi tebur.

"Kullum," ta ce.

Gaskiyarta. Duk lokacin da na wanke buroshi, ba na komawa tebur kai tsaye. Nakan biyo ta bayanta in tsaya, hannuna yana so ya sauka a kanta, in tuna ba ta so, in tsaya dai haka nan, sannan in wuce. Ni kaina ban ɗauke shi a bakin komai ba, shi ya sa ban sa shi a layina ba. Na zaci taga take kallo.

Ta karkaɗe rigarta sosai, ta je kantar ƙasa, ta ɗauko kwamfutar daga cikin gwangwanayen banza. Ta goge gilashin da gefen mayafinta. Ta zauna a benci, ta buɗe zanen shagon, wanda na bar mata fayau, ta buɗe sabuwar shimfiɗa a kai, ta zaɓi shuɗi. Ta ɗora bakin alƙalamin a kan zanen, daidai inda nake zaune a ƙasa, ta riƙe shi a nan. Ina ta kallonta ban gane ba.

"Baba," ta ce, idonta a kan gilashi. "Tafi."

Na dafa tebur na miƙe. Na ɗauki buroshin da ba shi da datti na kai famfo na wanke shi. Na juyo, na bi lanƙwasar da ta ja a ƙasa, na zo taku ɗaya kafin benci na tsaya, hannuwana a baya. Daga inda nake ina ganin alƙalamin yana zagayawa a wuri ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Ta kai tara. Ban motsa ba.

"Goma," ta ce. Ba ta ɗaga alƙalamin ba. "Goma sha ɗaya."